Rigar Gidado

Shekara talatin ina taka keke
a rumfar bakin tasha, nan Dadin Kowa.
Na ɗinka shadda, na ɗinka kayan makaranta,
har buhun shinkafa na taɓa yi wa baki.
Allura ba ta ba ni kunya ba sai bana.

Gidado ne ya kawo ta, mai duba ma'aunin ruwa a dam,
riga ruwan toka, tsintuwar dilar gwanjo a Gombe,
sarƙaƙiya ta yage mata kafaɗa.
Ya ce, "Malam Sambo, bi ta a hankali,
ruwa ba ya shigarta, amma gumi yana fita."
Na ce, "Kai dai!
Ƙofar da ta fid da akuya ai ita ke shigo da kura."

Bai yi musu ba. Buta ya ɗauka ya tsiyaya,
ruwan ya gangare ƙwaya-ƙwaya
kamar a bayan ganyen gwaza.
Sai ya rufe kofin shayina da gefen rigar,
ya ɗora tabarauna a kai.
Gilashi ya yi gumi.

Wai wata fata ce a ciki, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba,
ramukanta sun fi ƙarfin ido:
ɗigo ya yi musu ƙato,
tururi kuwa ya sulale abinsa.

Na zaɓi zare mai kyau, na bi layi biyu,
ɗinkin nuna wa tsara.
Daren Laraba hadari ya haɗo daga gabas.
Da safe ga Gidado a ƙofa,
ko'ina a bushe
sai inda hannuna ya bi.
Na ƙirga huda tamanin da huɗu,
kowace taga ce na buɗe wa sama.

Na naɗe rigar na tsallaka titi
wurin Iliya mai faci,
yaron da kullum nake wa faɗa kan ƙarar injinsa.
Ya shafa gam, ya liƙa ƙyalle ta ciki,
ya danne da tafin hannu har ya kama.
Ɗari biyu ya karɓa.
Murmushin da ya yi ne ya fi tsada.

Yanzu in ruwa ya kece
Gidado kan wuce a babur yana ɗago mini hannu,
ni kuwa ina cikin rigar leda, ina dahuwa kamar dambu,
ina juya allura tsakanin yatsu biyu.