Mai Gadi Marar Inuwa

Kwana uku na roƙo a wurin aiki,
na baro Yamai da asuba, na iso Maraɗi da la'asar sakaliya.
Inna Tabawa ta dubi jakata, ta dubi fuskata,
ta ce, "Maganar jika arba'in ɗin nan ta kawo ki."
Ban ce mata a'a ba.

Wani ne ya kira Baba ranar Laraba,
ya yi sallama ta ɗan mutunci, ya tambayi ƙarfin jiki,
ya ce fansho ya maƙale, a karanto lambobin da suka shigo.
Baba, da ya shekara talatin kan sikelin gyaɗa,
ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake,
don bai saba hana mai tambaya amsa ba.

Waya ta yi masa ƙanƙanta, ido ya ja da baya.
Sai na tare ɗan kabu-kabu zuwa bayan babbar kasuwa,
shagon Tasi'u, inda kwamfutoci ke jere kamar faranti.
Ya ɗago wata siririya, ya ce ta fi walƙiya sauri.
Na ce masu ita sun haura saba'in,
ba su da inda za su da gudu.
Ba ni mai faɗin fuska, mai manyan baƙaƙe,
mai batirin da zai kai su isha'i idan wuta ta ɗauke,
wadda yatsa mai rawa zai taɓa ba ta yi fushi ba.

Ya jawo ƴar Kwatano, baƙa, mai nauyin turmi.
Na ce a sa mata mai gadi.
Ya ce akwai na kyauta, akwai na jika goma sha biyu a shekara.
Na tuna kyautar da ta ci mu ranar Laraba,
na ƙirga kuɗin ban nemi ragi ba.

A tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro,
Baba ya gyara tabarau.
"Ina mai gadin?"
Na nuna masa ɗan koren tambari a kusurwa.
"Me yake ci?" Na faɗa.
"Yana barci?" Na ce a'a.
Ya yi shiru, ya ce, "Nomau da ya tsare mana sito
yana da sanda, yana da tari, ana jin zuwansa.
Wannan ko inuwa ban ga yana da ita ba."

Kalmar sirri ta kai mu magariba.
Na hana sunana, na hana shekarar aurensu.
Inna ta ce a sa Ƴar Madarunfa,
jar akuyar da aka sayar aka biya mini lakwal.
Muka yi dariya mu uku,
tawa dai ba ta kai ƙarshe ba.

Baba ya rubuta a takarda ya manna a murfi.
Inna ta ɓamɓare, ta naɗe a leda,
ta tura ƙasan kwallar da take ajiyar daddawa,
inda ko ni ban taɓa kai hannu ba.

Daren ƙarshe na ce, "Baba, mai gadin yana kama mai haurowa ta katanga.
Mai sallama, kai kaɗai ne ƙofarsa."
Ya ce, "Lokacin ƙyandarki ni na kwana bakin ɗaki.
Yau ke ce da kwaɗo a hannu."
Bai faɗa da ɗaci ba.

Mun wuce Dogon Dutsi wayata ta motsa.
Manyan baƙaƙe, babu aya, babu waƙafi:
WANI YA RUBUTO WAI NA CI MOTA
NA GAISHE SHI DA KYAU
NA CE MASA BAN IYA TUƘI BA