Mai Huda Bel a Oshodi

Ƙarƙashin gadar Oshodi nake kasa kayana,
bel saba'in a jikin ƙusa
kamar macizan da rana ta kashe wa jiki.
Na zo Ikko da kalma ɗaya tak ta ɗaurin ƙugu,
mazagi.
Shi ya riƙe wandon ubana har ya koma ga Allah,
bai taɓa neman ƙarfe a baki ba.

Nan na tarar Turanci ya shanya nasa igiyoyin.
Bel dai a wunin farko na iya shi.
Da wani direban danfo ya zo yana zufa
yana cewa fambel ɗinsa ya tsinke,
na miƙa masa na fata, baƙi, mai sheƙi.
Har gobe kwandastoci Fambel suke kirana.
Ban yi fushi ba. Suna ma ɗauri ne,
wanda aka ƙulla maka, da shi kake yawo.

Laktaye igiya ce da aka yi wa guga,
ma'aikatan banki ke shaƙe kansu da ita tun asuba.
Bandeji na san shi ranar da cen ɗin babur
ya ci diddigen Tanimu a randabawul,
wannan zoben kwalta da ke juya baƙo
har ya fita ta inda ya shigo.
Beli kuwa, wasali ɗaya ya raba shi da sana'ata.
Da masu kame suka naɗe mu har da tabarma,
Ikenna mai ba ni sari ya sa hannu.
Aka kwance ni,
na fito ɗaure da bashinsa.

'Yata Tasalla, aji biyar a Agege,
ta ce malaminsu ya ce a Turanci
lambu da ɗamara ciki ɗaya suka fito,
duk abin da aka kewaye ne.
Na ce to, Ikko ma 'yar ɗakinsu ce,
ruwa ya yi mata ɗamara,
gosulo ya ja ya matse.

Amma bana ba ciniki ke ciyar da ni ba,
huji ne. Naira ɗari, ƙusa da guduma.
Baba Akanni, akawun wani kamfanin fenti,
sau uku ke nan tun bayan azumi.
Ba ya cewa komai.
Ya zare, ya miƙo,
ya riƙe wando da hannun hagu
yana kallon motoci kamar yana jiran wani.
Ni kuma ba na tambaya.
Masu lissafin tsadar gari suna da takardunsu,
ni a kan fata nake karanta nawa,
rami bayan rami, ana tafiya ciki.

Jiya ya dawo.
Na auna, na ɗora ƙusa, na buga.
Wutsiyar bel ɗin ta kusa zagayo shi sau biyu.
Ya laluba aljihu, na ce bar shi, Baba,
wannan gyara ne.
Ya yi dariya da rabin baki, ya bi taro.

Da dare a ɗakinmu na mutum shida
na kwance mazagina.
Ba rami a jikinsa, ba ya ƙirga wa kowa.
Sai dai na lura
bakinsa biyu sun fara taɓa min gwiwa.