Turke Biyu a Sinnar

Tun ladan bai gyara murya ba
na kwance Gunya daga turke.
Muka bar Mai Wurno tana barci,
ni da ita da ɗana Ukasha,
kogi a damanmu yana raka mu
da tafiyar wanda ba a bin sa bashi.

Shekara tara tana ja mini karo:
jan bulo daga bakin gaɓa,
gangar ruwa, buhunan albasa,
ran nan har da gawar maƙwabci.
Yanzu in ta kama tudun kasuwa
a ƙirjina nake jin hakinta.
Na ce kafin ƙarfi ya yi sallama
bari ta bar mini magaji.

Gidan Hasaballa na bayan tashar jirgi.
Turke biyu, ingarma biyu,
farashi a bango da gawayi,
an goge, an ƙara, an sake gogewa.

Na farko akawal ne, siriri,
ƙafafu kamar an fiƙe su da wuƙa.
Yaro ya zaga fili da shi,
sassarfa zalla, ba ya gauraya ta da sukuwa,
kofatai na sauka biyu-biyu
kamar lugude a turmi ɗaya.
"Ɗora masa kofin shayi a gadon baya,"
in ji Hasaballa,
"ya kai Sinja bai ɗiga ba."

Na biyu bidi ne, ko kallo ba mu ishe shi ba.
Wuya kututturen goruba,
ƙirji ƙofar zaure,
gashi ya sauko ya rufe kofato.
"Kakansa ta jirgin ruwa ya zo,
haka dai wanda ya sayar mini ya ce.
Ya taɓa fid da lori daga laka
direba na zaune yana salati."
Na san bakin mai talla, na zubar da rabi.
Abin da ya rage ma ya ishe ni.

Ukasha ya ja ni gefe.
"Baba, baƙin. Duniya sauri take yi."
Na ce bulo ba ya gaggawa,
mai gini nauyi yake biya.
Ya yi shiru irin na 'ya'yan yanzu,
shirun da ya fi gardama tsawo.

Gunya ce ta raba mu.
Aka kai ta gaban bidi, ta kwantar da kunne,
ta sakar masa shuri a haƙarƙari,
shi ko bai fasa tauna harawa ba.
Akawal ya yi haniniya sau ɗaya tak,
ta juya, ta ɗage wutsiya,
ja'irar tsohuwa,
kamar ba ita ke tari da asuba ba.
Hasaballa ya yi dariya har rawani ya kwance:
"Kai ke da kuɗi, dattijo, ita ke da ciki."

Na ƙirga masa kuɗin baye,
na cike giɓin da rabin buhun albasa.
Ya ce in bai kama ba
a dawo da ita bayan sati uku, kyauta.

A hanyar gida ban hau ta ba.
Lissafi nake da yatsu:
wata goma sha ɗaya a ciki,
shekara uku kafin a ɗaura masa karo.
Kafin nan gwiwata ta gama nata.
Na waiwaya in ce wa Ukasha
duƙushin naka ne, kai ka zaɓi ubansa,
sai na hango shi can a baya
gun wani mai raksha a bakin kwalta,
yana shafa mata fitila
yadda nake shafa goshin Gunya.

Ban kira shi ba.
Muka ci gaba, ni da ita
da wanda ba a san ko ya zauna ba tukuna,
kogi yanzu a hagunmu
yana gangarawa inda muka baro.