Gyaran Zane a Mai Wurno

Baba Ɗantani, ƙara haƙuri, kar ka motsa,
shayinka na nan tafe.
Ku kuma ku ajiye gawayi, ku ja da baya taku uku.
Mai zane da hancinsa a kan takarda
mai neman allura ne a saƙar tabarma,
ba ya ganin ɗakin.

Mudassir, matso.
Wannan ido ne, na yarda, amma idon wa?
Daga gida ka taho da shi a aljihu,
irin wanda ake yi wa kifi a littafin 'yan aji ɗaya.
Dubi na tsohon nan. Shekara hamsin yana tuƙa kwalekwale a Nilu,
rana na tashi daga ruwa tana dukansa,
har fatar idon ta koyi sauka rabi.
Na hagu ya fi na dama ƙanƙancewa.
Ba kuskure aka yi ba, balle ka gyara.

Ihsan, kirkinki ya yi yawa.
Ina tsagar kumatunsa? Ina giɓin?
Kin shafe goshinsa sumul
kamar jallabiyar da ta sha guga ranar Juma'a.
Kunya ce, na sani, ba a ƙura wa babba ido,
haka aka rene mu.
Amma a ɗakin nan, daga hantsi zuwa azahar,
kallo shi ne ladabi.
Nemi izininsa, sannan ki kalla har ki gaji.

Abakar kuwa da gemu ya fara,
gashi ɗaya-ɗaya, sa'a biyu cur,
ga shi kai ya rasa wurin zama.
Wa ke ɗora jinka kafin ya ja bango?
Ƙashi tukuna, ɗana. Taɓa naka:
nan, ƙarƙashin ido, inda ya taso,
nan, inda muƙamuƙi ya yi kwana zuwa kunne.
Inuwa kuma ba datti ba ce,
daina murza ta da yatsa kamar mai suɗe miya.
Bar farin takarda ya yi aikin haske,
bai taɓa neman lada ba.

Saura Mahasin.

Kunnen daidai. Rawanin daidai,
har jelar da ta zamo kan kafaɗa.
Amma bakin nan ba na Baba Ɗantani ba ne.
Mutumin nan bai kai hamsin ba,
kuma ga shatin tabarau a karan hancinsa.
Jiya shi ya fito a takardarki.
Shekaranjiya, da muka zaunar da mai gyaran rediyo,
shi ne dai.
Ba zan tambaye ki ba.
Na ga motar da ta kawo ku daga Umdurman,
na ƙirga waɗanda suka sauka.

In don darasi ne, kin faɗi,
ba wanda ke gabanki kika zana ba.
Sai dai kar ki goge ko layi ɗaya.
Naɗe ta a hankali, gawayi na zuba,
ki kai wa mahaifiyarki, ko ki ɓoye, ya rage naki.
Ga sabuwar takarda.
Ni ma sai da na shekara guda
duk fuskar da na fara, a ta Inna take ƙarewa.
Gobe gwada farawa daga kunne,
shi bai cika tuna wa mutum kowa ba.

To, Baba, an gama, miƙe ƙafa,
zo ka ga kanka sau tara.
Me ka ce? Na Ihsan ka zaɓa?
Don ta mayar maka da haƙorinka?
Kun ji ko.
Tun hantsi nake zuba,
mai fuska ya zo ya rushe hukunci.

Ku wanke hannu. A ba tsoho shayinsa, sukari uku.
Abakar, rufe tagar nan,
iskar kogi na kwashe mana takardu.