Igiyar Jirgi

A Valparaíso, kan tudun da ke kallon teku,
kyanwa ta yage kujerar da Eulalia ta gāda.
Surukinta ya ce, a cire faratan kowa ya huta.

Tsoho Anselmo ya ɗaga hagunsa,
yatsu biyu dungu tun zamanin su:
"Har gaɓa ake yankewa.
Nawa, duk sanyi sai sun gaishe ni."

Ya gangara tasha, ya dawo da igiya mai warin gishiri,
ya naɗe ƙafar tebur tamau.
Eulalia ta goga wa kujera ɓawon lemo,
ran Lahadi ta rage tsinin farce, tana lallashi.

Yanzu da asuba, ƙarar karce daga ƙarƙashin tebur.
Kujerar tana nan da tabonta.