Garar da Ba Ta Cin Katako

Gara ta taɓa yi min ɓarna.
Littattafan bashi na babana,
cinikin fata na shekara talatin a Ƙofar Wambai,
na buɗe akwatin wata damina
na tarar da gari, da guntayen suna.

Shi ya sa ran da kuɗin sallama suka fito
ban sayi babur ba, ban yaɓe soro ba.
Na hau adaidaita zuwa titin Beirut,
na dawo Gwammaja rungume da kwali
kamar wanda aka ba riƙon jariri.

Rumasa'u ta jona, ta kunna, gilashi ya yi haske.
Ta ce, "Baba, saura riga-kafi."
Na ce, na me? Ƙarfe ne, ba ya mura.
Ta ce, "Kwamfuta ma da tata garar.
Ba ta cin katako, ba ta gina shuri,
ta filashin maƙwabci take shigowa,
ta saƙon da zai ce ka ci miliyan."

Ashe duk inda mutum ya yi ajiya
akwai mai baki da ke jiran dare.

Na koma. Rumfar farko, Nazifi
ya miƙo kwali mai sheƙi:
"Wannan, Alhaji, ko iska ba ta wucewa.
Dubu arba'in da biyar, shekara guda."
Na ce, bayan shekarar fa?
"Sai ka sake biya."
Wato maigadi ne mai albashi,
ni kuwa fanshona sai ya ga dama yake sallama.

Rumfa ta biyu wani ya ja ni gefe,
ya rage murya kamar mai tallan naman da ba a ga yankansa ba:
"Dubu biyu. Fasasshe ne, amma har abada."
Har abada!
Kalmar ta yi wa dubu biyu nauyi.
Wanda ya fasa ƙofar wasu ya kawo min kwaɗo,
wa ya ce bai riƙe makulli ɗaya ba?

Can ƙurya, ƙarƙashin fanka mai kuka,
Malam Hafizu na tiyatar wata tsohuwar na'ura.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Me za ka ajiye a ciki?"
Duk yinin nan ba wanda ya tambaye ni haka.
Na ce, abin da gara ta rage,
hotunan jikoki, takardar gida,
da lissafin marayun ƙanena.

Ya ce, "Ta zo da nata maigadin, kyauta.
Ba rago ba ne, in ba ka hana shi sabuntawa ba.
In kana son ƙari, ga na dubu goma sha biyu,
da lamba, da rasit, na'ura uku yake ɗauka,
nemi mutum biyu ku raba.
Amma kada ka tara su barkatai:
zakaru biyu a akurki guda
suna faɗa, shaho na kwasar 'yan tsaki.
Canjin da ya rage, sayi ma'ajiya ta waje,
kwafe komai, kai wani ɗaki."

Har na juya ya ƙara,
"Ba ni da maganin ɗan yatsa mai kwaɗayi.
Wannan kai za ka tsare."

Muka raba da Tasi'u mai kemis
da malamar Rumasa'u, dubu huɗu-huɗu.

Yanzu in an kawo wuta bayan isha'i
nakan zauna, tabarau a hanci,
ina tsintar haruffa da yatsa ɗaya
kamar kaza a bakin turmi.
Jiya wani saƙo ya faɗo, ja da kore,
wai ni ne mai rabon bana.
Yatsana ya tashi da kansa, ya kusa.
Na mai da shi cikin aljihu.

Na koma kan shafin babana:
"Ɗanl...", fata goma sha bakwai, bai biya ba.
Ragowar sunan na cikin gara.
Na rubuta rabin da na samu,
na danna ajiya sau biyu.