Katakon Amalanke

A Kansas ba a samun itace,
ciyawa ce kawai, har inda ido zai gaji.
Shi ya sa da aka kawo mini gawa biyu ranar Talata
katako na fara ƙirgawa, ba hawaye ba.

Ta farko Lemuel Tackett,
wanda ya tare jirgin ƙasa sau biyu,
ya kore shanu ɗari da arba'in a dare guda.
Dala ɗari biyar aka sa a kansa.
Takardar na nan manne a ƙofar mashaya:
mai zanen ya ba shi gemu da tabo,
shi kuwa ko gashin baki bai gama tsiro masa ba.

Ta biyu Orrin Vail, ɗan doka,
da tauraronsa da aka yanko daga gwangwanin wake.
Kafin gari ya maƙala masa shi a ƙirji
kowa ya san inda yake samo dawakan da yake sayarwa.
Wanda kura ta hana barci
ba ya tambayar asalin karen da zai yi masa gadi.

A bayan rumbun Dunlevy suka haɗu,
ba tsakiyar titi ba, kamar yadda za a riƙa faɗa nan gaba.
Ɗaya na ɗaure sirdi, ɗaya na tari.
Harbi uku.
Na ukun gangar ruwa ya fasa.

Magajin gari ya ce a yi wa ɗan doka akwati,
ɗan fashi kuwa buhu ya ishe shi.
Na ce to.

A bayan gidana akwai amalanken da ya kawo mu daga Ohio,
shekara goma sha ɗaya yana tsaye,
kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.
A katakonsa na hagu akwai suna, Hesper.
'Yata ce ta kankare shi da ƙusa,
harafin ƙarshe a juye.
Kwalara ta ɗauke ta saura kwana tara mu iso.
Babu akwati. Mayafin uwarta muka naɗe ta da shi,
muka bi ta kan kabarin da shanu da ƙafafun amalanke
don kada kyarkeci ya gane wurin.
Har yau ni ma ban gane shi ba.

Da dare na kunna fitila, na zare ƙusoshi ɗaya-ɗaya,
na miƙar da masu lanƙwasa a kan dutse.
Vail ƙafa shida ne.
Tackett ya gaza shi da taƙi guda,
kuma safarsa ta dama an yi mata ɗinki mai kyau,
irin na hannun da ke jiran mutum ya dawo.

Akwati biyu suka fita, sai guntu ya rage.
Katako mai sunan, yaron na ba,
na juya rubutun ciki, daidai fuskarsa.

Da safe muka haƙa a kan tudu.
Shebur ya tono kan kibiya na mutanen Kiowa,
waɗanda muka kora kafin mu kafa doka.
Na mayar da shi cikin ramin.

Magajin gari ya biya ni kuɗin akwati ɗaya.
Kajin kuma tun ranar suna yawo a tsakar gida,
suna neman inuwa.